Reshen da Ya Sha Iska a Kan Rumfa

A tsakar gidana, tsakanin randa da madafa, akwai itace guda mai farin fure, tsakiyar furen rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ban san sunansa na gaskiya ba. Ƴaƴana da suka yi lekwal, wato boko, suna kiransa da wani suna na Faransanci wanda harshena bai taɓa iya juyawa ba. Mu a gida itacen Inna muke ce masa, domin asalinsa daga gidan surukata ne, a cikin Birni, tsohuwar unguwar Zinder. Ba ya ƴaƴan da ake ci, akuya ma ba ta kula ganyensa. In ka karya reshe, wani farin ruwa ne ke zubowa kamar nono, mai zafi a ido. Amma in bazara ta kama, sai ya cika da fure, ƙamshinsa ya tarye ka tun daga zaure.

Ni a Gidimuni aka haife ni, a bakin tafki. Da rake da rogo na tashi. A can in ka sari kara, yau-yau za ka binne shi a ƙasa mai laima, ka bi shi da ruwa, sai ya tsiro. Abin da hannuna ya sani ke nan. Da na dawo Zinder na kama sayar da kayan lambu a kasuwa, na auri ƴar Birni, ban bar jin kaina manomi ba, ko da yake fegin da na mallaka a gari bai wuce tsakar gida ba.

Bayan rasuwar Inna, wata rana uwargidana ta ce mini tana son reshe daga itacen mahaifiyarta. Ta ce tun tana ƙarama Inna ke tsince furen da ya faɗi da safe ta zuba a akwatin kaya, har yau in ta ji ƙamshin sai ta ga kamar Inna ce ta gitta. Na ce abu mai sauƙi. Na tafi Birni da adda, na saro reshe mai kauri, na dawo na haƙa rami na dasa tun nonon na ɗiga. Lokacin ruwa na wuya a unguwarmu, pompo sai ya ga dama yake kawowa, amma ban hana reshen nan rabonsa ba. Safe da yamma sai na karkata masa bido, jarkar ruwanmu.

Tana zaune tana tankaɗe, ta ɗago kai.

"Malam, Inna fa ba haka take yi ba. In za ta ba wani, sai ta ajiye shi a inuwa ya sha iska tukuna, har bakin saran ya bushe."

Na yi dariya. "Yanzu ke ƴar birni ce za ki koya wa ɗan Gidimuni dashe? Abin da aka raba da uwarsa, a ƙara masa da ƙishirwa?"

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana kaɗan reshen ya fara langaɓewa. Da na tone, gindin ya yi baƙi, ya yi laushi kamar dafaffen rogo, ga wari. Na ce ƙasar ce ba ta da ƙarfi. Na koma na saro wani, na zuba masa takin awaki, na ƙara ruwa. Shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Ƙanin matata, wanda gidan Inna ya koma hannunsa, mutum ne mai tsokana, kuma tsakanina da shi akwai wasa. Duk sanda ya hango ni da adda sai ya fara.

"Sarkin noma ya iso! Yau kuma wane reshe za a kai wanka?"

"Kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba."

"Ban shuka ba, amma ban kashe ba. Yaya, itace ne fa, ba kifin tafkinku ba."

Muna dariya, ina sara, ina komawa gida ina maimaita abin da na saba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Hankalina kwance yake, tunda uwar itacen na nan tsaye, in wannan ya mutu na saro wani.

Sai wata shekara, da rani, ƙanin ya zo gidana ba wasa a fuskarsa. Ya ce ɗansa zai yi aure, ba wurin da za a yi masa ɗaki sai inda itacen yake. Magini ya riga ya auna. Ya zo ne ya gaya wa yayarsa kafin a sare. Ta ce ba komai, gida ai na masu rai ne. Amma na ga yadda ta riƙe bakin zanenta.

Ranar da aka kayar da shi na je na zaɓi rassa masu kyau, na ɗauro dami guda a kura. Na ce a raina, cikin wannan yawa ko ɗaya ya kama. Na jera su a gindin katanga, na yi wa kowanne kwari, na cika da ruwa. Ragowar itacen kuwa magina suka jefar bayan gari.

Ɗaya bayan ɗaya suka ruɓe. Kullum da safe sai na matsa gindin wani da yatsa, in ji ya lotsa. Ranar da na tuge na ƙarshe, na tsaya da shi a hannu ban san inda zan sa fuskata ba. Ba sauran inda za a je a saro. Ita kuwa ta kawo mini fura ta ajiye kamar kullum. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya ta roƙe ni daga gidan mahaifiyarta, ta kuma gaya mini yadda ake yi tun ranar farko.

Bayan nan da ɗan lokaci iska ta yaye zanar rumfarmu, na hau gyara. A can sama, ƙarƙashin wata tsohuwar tabarma, na ga reshe guda kwance, tsawonsa kamar kamu ɗaya. Ya yamutse kamar hannun tsoho, bakin saran ya bushe ya yi tauri.

"Wannan fa?" na tambaya daga sama.

"Nawa ne. Ranar da ka kawo damin na zare ɗaya. Sauko mini da shi a hankali."

"Ai ya mutu."

"Naka da suka sha ruwa suna ina?"

Na sauko da shi. Ta sa na ɗebo yashi mai tsabta, na gauraya da ƙasa kaɗan, ba taki. Ni na haƙa ramin, bai kai zurfin tafin hannu ba, na tokare reshen da duwatsu don kada iska ta kayar. Ta yayyafa ruwa da hannunta, abin da bai fi na alwala ba. Sannan ta ɗauke bidon ta kai ɗakinta.

"Malam, in ka ji hannunka na ƙaiƙayi, ga kaji can, ka ba su."

A duk aikin gonar da na yi, ban taɓa yin mai wuya kamar wannan ba. Rana na dukan ƙasa, yashin ya bushe ƙayau, ni kuwa ina wucewa da buta a hannu ina kau da kai. Wata rana na tsaya kusa da shi bayan alwala, da ɗan sauran ruwa a butar, sai na ji gyaran murya daga madafa. Na wuce masallaci.

Mun daɗe ba mu ga komai ba. Sai wata safiya, ana dab da damina, ta kira ni. A kan reshen wasu ƴan abubuwa sun ɓullo, jajaye-jajaye, kamar faratan kaza. Ganye ne. Ta tsuguna tana kallo, ni ina tsaye a bayanta. Can ta ce, "Yanzu ka iya ba shi, amma kaɗan."

Shekarar farko ganye kawai ya yi. Ta biyu ya yi fure. Ƙanin ya zo gani, ya zagaya shi yana jinjina kai.

"Ashe sarkin noma ya iya."

"Yayarka ce ta iya. Ni rami na haƙa."

"Alhamdu lillahi, gaskiya ta fito daga Gidimuni!"

Yau itacen ya wuce katanga. Maƙwabta na zuwa neman reshe, ina ba su, amma ba na miƙa wa kowa ɗanye. Sai na sara na ɗora a kan rumfa, na ce su dawo in ya bushe, domin na san hannun manomi. Har ɗan ƙanin nan ya karɓi guda ya dasa a ƙofar ɗakinsa, taku kaɗan daga inda uwar ta tsaya.

Da safe, kafin a yi shara, uwargida na tsince furen da ya zuba ta kai ɗaki. Rigar da nake zuwa Juma'a da ita a akwatinta take kwana. Wani lokaci a sahu wanda ke kusa da ni kan tambaye ni wane turare ne wannan, in ce masa na gidan surukaina ne.