Radoje da Kwalbar Tattasai

Goggo Ljubinka takan ce ita mutum biyu ta aura, Radoje da kaset ɗinsa. Radoje mai gyaran famfo ne a garin Leskovac, shiru-shiru, amma tun yana saurayi ya mace a kan wasu makaɗan jita da ake kira Jiƙaƙƙen Rufi. Babu kamfanin da ya taɓa kallonsu. Da kansu suka naɗi kaset ɗin a gareji, har haushin kare ana ji a waƙar farko, kuma ita ce ya fi so.

Duk garin da suka je wasa sai ya bi su, Goggo a gefensa. Da wannan waƙar suke buɗe wasa kullum, amma bai taɓa jin ta daga bakinsu ba. Dalili kuwa mahaifiyarsa, Stanimirka. Da ta ji ana zancen tafiya sai ta jero kwalaben ajvar, gasasshen jan tattasan da take tuƙawa duk kaka, a sauke wa dangi a hanya. Kowane gida kuma sai an zauna an sha gahawa, don miƙa saƙo daga bakin ƙofa cin fuska ne. Kafin su isa an yi nisa da wasan.

Da furfura ta fito wa makaɗan, suka sa wasan bankwana a birnin Novi Sad. Goggo ta ƙwace makullin mota.

"Yau ko kwalba ɗaya ba ta shiga motar nan, ka ji ni?"

"Na ji."

"Na gaji da ganin ka kana dawowa kamar wanda aka yi wa mutuwa."

Ta tuƙa ba tsayawa, kaset na ta jan tsohuwar muryarsa, suka isa rana ba ta faɗi ba. A bakin ƙofa mai gadi ya shafa rigar sanyin Radoje, ya zaro ƙatuwar kwalba.

"Baba, gilashi ba ya shiga. Ga kwandon shara can."

Goggo ta dube shi. "Radoje!"

"Mama ce ta ce in ba yaran nan masu kiɗa, wai sun rame a hoto."

"Yaran? Masu jikoki?"

Motar tana can nesa, bayan gada. Daga ciki aka fara taɓa jita. Radoje ya tsaya rungume da kwalba, ya dubi kwando, ya dubi ƙofa. Goggo ta san shi sarai, ya gwammace ya koma gida da ya zubar da abin da uwarsa ta wuni tana tuƙawa.

"Kawo nan, sakarai. Shiga!"

Ta zauna a dakali da kwalba a cinya. Waƙar da ta ishe ta tun tana amarya ta riƙa ratso bango, mutane suna amsawa. Sai ta tsinci bakinta yana bi, ta ƙara jin haushi.

Da aka tashi ya fito idanunsa jawur.

"To, ka ji ta?"

"Na ji." Ya goge hanci. "Sai dai ta kaset ta fi daɗi. Babu karen."

Goggo ta dangwara masa kwalbar a ƙirji ta yi gaba.