Kawu Hamidu da Tushiyar Filin Guguwa

Duk kun san shi, ba sai na ɓata bakina wajen kwatance ba: hauya a kafaɗa, usur a wuya, da hular nan da rana ta cinye har ba a san launinta na asali ba. Kawu Hamidu, yayan mahaifiyata. Mutumin da ko gaisuwar mutuwa ya je, ana shafa fatiha zai karkato ya raɗa wa na kusa da shi, "Bana tamu ta!" Mece ce tamu? Kofin gasar unguwannin Tawa, wanda ƙungiyarmu Guguwa ba ta taɓa ɗauka ba tun da aka kafa ta. Kai, ko kusa da teburin da ake ɗora shi ba mu taɓa zuwa ba. Amma kowace shekara, da zarar hatsi ya fara zangarniya, Kawu ya fara rabon albishir ke nan.

Ni na fi kowa shan wahalarsa, don ni ne ɗan kabu-kabun dangi. Babur ɗina nasa ne a duk lokacin da ya ga dama, ladana kuwa faɗa. Saboda haka ku bar ni in faɗi abin da ke raina, ko a kabari ya ji.

Wanda bai sani ba ya sani: filin da Guguwa ke wasa gonar Kawu ce ta gado, can bakin gari ta hanyar Bambeye. Da damina hatsi, da rani ƙwallo. Idan aka gama girbi sai a yi gayya, ƴan wasa da magoya baya kowa da hauyarsa, a tuge tushiyar kara, a share ƙarangiya, a daddale ƙasa, a kafa sandunan raga. Dokar Kawu ɗaya ce tak: wanda ya cire tushiya da hannunsa a shekarar, shi ke da ƙungiya, shi ke da baki a taro. Wanda bai cire ba, ko uban wa ne shi, ɗan kallo ne. Garin kuma ya yi ta girma har gidaje suka zagaye gonar, masu yanka filaye suna ta lasar baki. Mun daɗe da sanin cewa ran Kawu kaɗai ne tsakaninmu da rasa filin nan.

To, ku tuna da aduwa. Wayyo aduwa! Itace guda, tsaye ƙiƙam a cikin fili, ƴan taku kaɗan daga ragar gabas. Babu alƙalin wasan da ya zo bai yi ƙorafi ba. Ni kaina a nan na bar haƙorina na gaba, zamanin da nake buga baya. Wata shekara muka haɗa kai, muka je masa da gatari a hannu.

Na ce, "Kawu, don Allah a sare iccen ga. Ba a taɓa ganin hili da icce a tsaka ba."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kai, Salisu, ina Mamman da ka buga baya bara?"

"Ya tahi Abijan."

"Ina Sule Dogo?"

"Aljeriya."

"Aduwa hwa, ina tat tahi?"

Ya nuna itacen da hauyarsa, ya ci gaba.

"To! Ɗan baya guda ad da ni wanda ba shi zuwa ci-rani, shi kuka so in sare? Ku ɓace min da gani!"

Abin haushin, da rabon ya yi mana gori har abada, a wasan da ya biyo baya aka buga mana fenareti, gola ya faɗi hagu, ƙwallo ta doki raga. Amma kafin a tashi sai aka sake auno mu daga nesa, ta bugi aduwa ta koma. Kawu ya ruga cikin fili ya rungume itacen, ƙaya tana sukarsa, yana ihu a ba aduwa kyautar gwarzon wasa. An ci mu ranar, ba kaɗan ba, amma shi abin da ya gani ke nan.

Ci-rani kuwa shi ne babban abokin gabarsa. Kun san halin Adar: ana ɗaure dami, samari sun ɗaure jaka. Daidai lokacin da za a fara gasa ne rabin ƙungiya ke hawa mota. Wata safiya ina tsaka da ɗaukar fasinja mace da buhun albasarta, sai ga Kawu yana haki.

"Sabke ta! Tasha za mu! Gola na za shi gudu!"

Haka na ba baiwar Allah haƙuri, tana zagina tana zagin kakana. Muka isa tasha muka tarar da Sanusi gola har an ɗauki jakarsa za a ɗora saman mota. Kawu ya fizge ta, ya dire a ƙasa, ya zauna a kai, ya harɗe ƙafa.

Sanusi ya ce, "Baba Hamidu, ka yi wa Allah. Aure nika son yi. Da mi za ni yi shi, da tahin ƴan kallo?"

"Ka tsaya a gama gasa. Bana tamu ta!"

"Bara ma haka kac ce."

"Bara ai bara ta!"

Direba yana ta danna oda, fasinjoji suna Allah-ya-isa, ni ina neman inda zan ɓoye fuskata. Sai da mahaifiyar Sanusi ta zo ta tsaya a kansa, sannan ya tashi yana karkaɗe riga. Ya sa hannu a aljihu ya fito da cuku naɗe a leda, ashe tun daga gida ya taho da shi, ya cusa wa yaron yana harararsa. "Ka ci a hanya. Kuma kada ka kuskura ka yi wa wasu gola can." Mota ta tashi. Muna komawa, yana bayana a kan babur, sai na ji ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. Dama hannun yaron ga rariya na. Yanzu kam bana tamu ta." Wallahi saura kaɗan in zubar da mu a kwalbati.

Amma duk waɗannan wasa ne idan aka zo maganar Alhaji Mudi. Kun san shi, ɗan unguwarmu ne da Allah ya buɗa wa a Abijan, ya dawo ya kafa shagunan kayan gini. Shi ya aiko cewa yana son ya ɗauki Guguwa gaba ɗaya, ta zama tasa. Sababbin riguna, takalma, motar kai ƴan wasa, da albashin da zai hana samari tafiya ci-rani. Sharaɗinsa a sa sunan shagonsa a ƙirji, kuma shi ke yanke magana.

Fadarmu ta shayi ta rabe biyu. Har aka daina kallon wasannin Turai, kowa ya zama masani. Masu so suna cewa ko can ƙasashen Turawa attajirai ne ke saye ƙungiyoyi, shekara kaɗan sai ka ga kofi. Masu ƙi suna cewa ranar da attajiri ya gaji, ko kasuwa ta juya masa baya, da shi da ƙungiyar za a rufe. Ni ina cikin masu so, kuma har gobe ban ga laifina ba. Mun gaji! Mun gaji da rigunan da lambobinsu suka goge har alƙali ke tambayar sunan mutum kafin ya ba shi kati. Mun gaji da ƴan wasu unguwanni suna kiran mu Guguwar cikin kofin shayi.

Na je na same shi da lalama. "Kawu, ko a Turai haka aka yi. Mai kuɗɗi shi saye, kowa shi huta."

"Su Turawan, wa ka cire musu tushiya?"

"Ba su da tushiya, Kawu. Ciyawa ta."

"Shi ya sa anka saye su kamar awaki. In Mudi na son Guguwa, ga hauya."

Aka kai wa Alhaji saƙo. Shi kuma, a ganinsa na mutunci, ranar gayya sai ya aiko tarakta. Jama'a, ku faɗi gaskiya, kun taɓa ganin filin nan ya yi kyau kamar ranar? Aikin da ke cin mu yini guda, kafin rana ta yi zafi an gama. Muka yi ta tafi. Kawu yana zaune gindin aduwa yana kallo, bai hana ba, har na fara cewa Allah ya taɓa zuciyarsa.

Da la'asar aka yi taro. Alhaji ya zo da ɗaurin riguna shar a cikin leda, ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce, "Bismillahi, ƴan'uwa…"

Fiiiit! Usur.

"Alhaji, yi haƙuri, zamna. Wa yac cire tushiya bana?"

"Ai ni na aiko tarakta, Baba Hamidu."

"Madalla. To a kira tarakta ta yi magana. Ita ad da baki."

Wasu suka fashe da dariya, ni kuwa ji na yi kamar in yi kuka. Alhaji ya naɗe rigarsa ya shiga mota, ledar riguna ta bi shi. A shekarar nan babu wanda bai ci mu ba. Har ƙungiyar ƴan mahauta, waɗanda ke zuwa fili da warin kitse, sun zuba mana son ransu. Na yi wata da watanni ba na ɗaukar Kawu a babur, idan na hango shi sai in sauya hanya. Da ya tare ni a ƙofar gidanmu na zazzage masa abin da ke cikina.

"Kawu, ka kashe mu! Taurin kanka ya hana mu kohi, ya hana yara abinci!"

Ya ce, "Kohi ƙarhe na, Salisu. Wanda ya saye ka da sahe shina iya saida ka da marece. Amma wanda hannunai yay yi kanta a hilin ga, ba shi saida shi." Sannan ya ƙara, "Kuma baɗi tamu ta."

Ban yarda da shi ba a lokacin. Yanzu ma rabi na yarda, don yunwar yaran gaskiya ce.

Daminar bana ya kwanta. Ya shuka hatsinsa, ya yi noman farko, bai ga girbi ba. Ba a ko share makoki ba masu yanka filaye suka fara sintiri a gidan magada. Maganar ta tsaya a hannun ƴarsa Rakiya, taubashiyata, wadda ke aure a Affala, don sauran sun ce abin da ta yanke shi ke nan. Kuma ita ba ta taɓa son ƙwallo ba, tun tana yarinya take cewa ƙwallo ta ƙwace mata uba.

Na ce mata, "Rakiya, mi kinka yanke?"

Ta ce, "Kai da ka so saida ƙungiya, yau kai ka tambaya? A yi girbi, a kira gayya. In mutane sun zo, hili na nan. In ba su zo ba, in saida abina, ba ni riƙon gona don aljanu."

Ranar gayya ta zo. Samari da yawa sun riga sun hau mota. Muka taru ƴan tsiraru, tsofaffi sun fi yawa, ga gona faɗi guda. Rakiya tana zaune gindin aduwa da usur ɗin babanta a hannu, tana kallon mu tana taɓe baki. Can sai ga motar Alhaji Mudi tana tada ƙura. Na ce a raina shi ke nan, ya zo taya fili, abin da ya kasa samu da ran Kawu zai samu da mutuwarsa.

Ya fito. Ya tuɓe babbar riga ya ɗora kan mota. Ya ce, "Wa ad da hauya ta biyu?"

Ku da kuke wurin kun gani. Mutum mai tumbi, wanda rabonsa da gona tun yana saurayi, yana sara yana nishi, zufa har cikin ido. Labari ya zaga unguwa, mutane suka yi ta ɓullowa, da farko don kallo, daga baya kunya ta sa kowa ya nemo hauya. Kafin azahar an gama. Alhaji ya je gaban Rakiya ya buɗe mata tafin hannunsa, duk ya yi bororo ya fashe.

"Yanzu ina da baki?"

Ta ce, "Awo, Alhaji. Baki guda, kamar na kowa. Hili kuma na nan."

Ya juyo wurinmu yana haki. "To ga shawarata ta farko. Riguna na nan, babu sunan shago. Amma don girman Allah, iccen ga…"

"A'a!"

Gaba ɗaya muka faɗa, kuma muryar da ta fi kowace ƙarfi tawa ce, ni da aduwar nan ta ci wa haƙori. Alhaji ya riƙe baki, ya girgiza kai ya ce, "Wallahi tsohon ga bai mutu ba."

Yanzu ga gasa ta ƙarato. Ba mu da gola, mai cin mana ƙwallo yana Aljeriya, kocinmu ciwon gwiwa ya kwantar da shi. Jiya wani fasinja ya tambaye ni yadda nake ganin Guguwa a bana. Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai na ji bakin ya ce, "Bana tamu ta." Na tsayar da babur a gefen hanya, na ce masa ƙura ce ta shiga idona.

Kawu, ka gajiyar da mu, ka ba mu haushi, kuma wurinka a gindin aduwa ya yi mana faɗi. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka bar wa ƴaƴan mutane gonarka su yi wasa. Kofin da ka yi ta jira ba ka gani ba, Allah ya musanya maka da abin da ya fi shi. Amin.