Tokar da ta cinye irin waken Goggo

To ai ni tun ranar na ruɗe, ranar da motar masu ginin kwalbati ta tsaya ƙofar gidanmu a Rawayau, a kakar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Leburori suka jibge buhunan siminti a zaurenmu, don Baba ya ba su aron wurin, kullum ana kawowa ana ɗiba. Duk buhun da aka yar sai wani gari ya tashi kamar hayaƙi, ya bi ta kan katanga ya shigo tsakar gida, ya sauka kan shanyar kuka da bakin randa. Mu yara har rubutu muke da yatsa a bayan jaki.

Goggo, yayar Baba, ta murza garin a yatsu ta shinshina. Ta ce, "Wannan ai toka ce, tokar Bature. Dubi laushi." Lokacin tana shirin adana irin wakenta, wani farin wake da ta gada wajen uwarta, wanda babu mai irinsa har Kurfi. Yadda aka saba, a cakuɗa wake da tokar murhu a tulu, a liƙe baki da laka, ƙwari ba su taɓa shi sai shuka. Sai ta ce in nemo mata inda tokar nan ta fi sauka, mai tsabta, ba yashi.

Na kwashi faya-fayan Inna na baza, wani bakin zaure, wani gindin tsamiya, wani can bayan rumbu. Da yamma in zagaya in shafa yatsa. Abin da ya ɗaure mini kai, na bayan rumbu, da ya fi nisa, shi ya fi cika, na bakin zaure kuwa ɗan kaɗan. Na sauya su, haka dai. Na tambayi birkilan da ke ginin kwalbatin, ya ce, "Kai yaro, ƙura kake kiwo?" Ni ban gaya mashi me za a yi da ita ba, shi ma bai tambaya ba. Na yi ta tarawa har ta ishi tulu. Goggo ta zuba wake ta liƙe, ta tura ƙarƙashin rumbu.

Damina ta sauka, danshi ya ratsa tulun. Ranar shuka Goggo ta fasa lakar ta sa hannu, hannu ya ƙi shiga. Baba ya fasa tulun da ƙotar gatari, sai ga dutse mai siffar tulu, wake a jikinshi kamar idanu. Goggo ta zauna a ƙasa ta ce, "Toka ta taɓa cin wake?" Da aka tsaga dutsen, can tsakiya aka samu inda danshi bai kai ba, wake bai fi cikin tafi ba. Shi ta shuka da hannunta, ta hana kowa kusantar kunyar, ya kuwa fito. Har yau jikokin waken nan muke ci.

Yanzu na ji wai kusa da masana'antar siminti haka masana ke yi, su baza faranti nesa da kusa, su auna ƙurar, su lissafa da iska. Ashe aikinsu na yi da faifan Inna. Gidan yanzu duk bulo ne, rumbun ma babu, balle in koma in sake gwadawa. Amma don Allah, wanda ya tashi kusa da siminti, ya gaya mini abin da ya gani: ku ma ƙurar takan tsallake na kusa ta sauka kan na nesa?