Tsarabar Naman Gwangwani

Tun kafin kowa ya furta, na san wata rana za a ce in ba da yarona riƙo. Da wannan tsoron nake kwana, da shi nake tashi, a shekarata ta biyu a Manchester. Yaron ba ya cin abinci. Tun da na yaye shi ya rufe baki. In na kawo cokali ya kau da kai, in na matsa masa ya tara a kumatu, sai na juya ya tofar a kan kafet. Wuyansa ya yi siriri, rigunansa duk suna zamewa ta kafaɗa. Ranar awo, baturiyar da ke duba yara takan ɗora shi a sikeli, ta ce kada in damu, sannan ta sauke shi ta sake ɗorawa, kamar ba ta yarda da na farkon ba. Wannan ɗorawa ta biyu ita nake tafiya gida da ita.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Maigidana akanta ne, danginsa duk masu karatu ne. Babbar yayarsa likita ce a Birmingham, ita ta riƙe shi yana ƙarami, don haka maganarta a wurinsa ta uwa ce. Yaya muke ce mata. Wata rana ta kira mu ta bidiyo, ta ƙura wa yaron ido, ta ce, "Ku kawo min shi ya yi wata biyu ko uku. In ya yi ƙiba ku zo ku ɗauki abinku."

A gida wannan ba abin magana ba ne, gwaggo ta ɗauki ɗan ƙaninta. Na ga an yi, na kuma ga yadda wata biyu ke komawa shekaru. Maigidan ya ce, "To Yaya, za mu shigo ƙarshen mako." Yaron kuwa ɗana ne na fari. Mu a yadda aka tarbiyyantar da mu, ko sunansa ba na kira gaban manya, balle in buɗe baki in ce ba zan iya rabuwa da shi ba.

Ba a zuwa gidan babba hannu biyu, sai na tura yaron a kekensa na yara muka shiga shagunan Rusholme neman tsaraba. A wani shagon 'yan Pakistan, can ƙasan kanta, na hango shi. Gwangwanin naman nan mai faɗin gindi da tsukakken kai, ga ɗan mabuɗinsa manne a gefe. Turancin jikinsa ban karanta ba, amma rubutun halal da haruffan Larabci na gane shi, don na yi Islamiyya. Na tsuguna na ɗauka, na daɗe ban miƙe ba.

Babanmu direban tanka ne, Allah ya jiƙansa. In ya sauka Legas yakan daɗe, ranar da ya dawo kuma sai ya zaro gwangwanin nan daga aljihun jakarsa ya miƙa wa Inna. Ba ya bari kowa ya buɗe sai shi. Zai ɓalle mabuɗin, ya zura ɗan harshen ƙarfen a ciki, ya riƙa murzawa a hankali, ƙarfen yana naɗewa, mu kuma mun kewaye shi ko numfashi ba ma yi, don in ya tsinke a tsakiya sai an sa wuƙa. Inna ta soya albasa da tumatir da ɗan attaruhu, ta juye naman ya narke, ta fasa ƙwai, ta zuba a kan dafaffen dankalin turawa. Gwangwani ɗaya, gida guda. A tire ɗaya muke ci, Baba yana ture wa ƙaramarmu gefen da nama ya fi yawa, yana yi kamar ba shi ba. In kuwa aka ajiye wani gwangwanin a kwabet, to na baƙo ne, baƙon ma mai daraja. A unguwarmu abincin Turai ne, ba kowa ke ganinsa ba.

Da wannan tunanin na sayi guda-guda har jaka ta yi nauyi. A raina na ce yau kam na samo abin da ya dace da likita. Ban ma nuna wa maigidan ba, na ɗaure na sa a but ɗin mota.

Gidan Yaya ba shi da nisa da Stratford Road. Bayan an gaisa, na durƙusa na tura mata jakar. Ta buɗe a gaban 'yan matanta biyu. Ƙaramar ta leƙa, ta yi dariya, ta faɗi wata magana da Turancinsu na Birmingham mai sauri. Ban ji duka ba, amma na tsinci "food bank", na kuma san ma'anarsa: irin abin da suke tarawa a makaranta ne a kai wa marasa hali.

Yaya ta ce, "Ke, rufe min baki!" Sannan ta juyo. "An gode, amaryarmu, Allah ya yi albarka. Amma wannan ai gishiri ne zalla. Ba dai shi kike ba yaron ba?"

Na ce, "A'a Yaya, ban taɓa ba shi ba."

Na ga maigidan ya sunkuyar da kai. Aka kai jakar kicin aka tura can ƙarshen kabad, bayan tukwane. Ni dai na san na ƙara mata hujja. Wadda ba ta san abin da ake kawo wa mutane ba, ina za ta san abin da ake ba yaro?

Ranar Asabar Yaya ta gwada da kanta. Ta ɗaure shi a kujerar yara mai tsawo, ta dama masa kifi da kayan lambu, tana yi masa waƙa. Ya rufe baki kamar yadda yake min. Ta ce, "Zai saba, baƙunta ce." Da yamma ta ja ni ta nuna min ɗakin da ta gyara masa, da ɗan gado da bargo mai hoton jirgi. Ɗakin ya yi kyau. Na ce ya yi kyau.

Lahadi da hantsi za mu koma. Maigidan ya fita shan mai, Yaya tana sama tana waya da asibiti, 'yan matan ba su tashi ba. Na ninke kayan yaron na jera a durowar sabon ɗakinsa. Da na sauko sai ƙafata ta kai ni kicin. Ba don shi na shiga ba, ba zan yi ƙarya ba. Inna nake so, kuma ba ni da hanyar zuwa wurinta sai wannan. Na janyo jakar daga bayan tukwane, a kicin ɗin da ba nawa ba, ban nemi izini ba. Na murza mabuɗin a hankali yadda Baba ke yi. Na samu dankali da albasa da ƙwai. Da ƙamshin ya tashi sai hawaye ya zo, na bar shi yana zuba.

Ban iya hawa teburinsu ba. Na juye a tire, na zauna a ƙasa na jingina da firji, na sa hannu ina ci. Sai ga yaron ya shigo yana jan bargonsa. Ya tsaya yana kallon bakina. Ban ce masa zo ba, ban miƙa masa ba, na gaji da roƙonsa. Ya zo ya zauna a kan ƙafata, ya kalli tiren, ya sa hannu ya ɗauki dankali. Na kau da ido na kalli bango, ina tsoron in na dube shi zai fasa. Ina jin motsin bakinsa a ƙirjina. Ya sake ɗauka.

Ban san tun yaushe Yaya take bakin ƙofa ba. Na yunƙura zan tashi, ta ɗaga min hannu in zauna. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "A can Manchester, yaya kike cin abinci?"

Na ce, "Sai ya yi barci, Yaya. Wani lokaci shayi da burodi ne, a tsaye."

"Babansa fa?"

"Yana ci a wurin aiki. In ya dawo yaro ya kwanta."

Can ta ce, "Wato yaron nan bai taɓa ganin mutum ya zauna yana cin abinci ba. Ni ma jiya ɗaure shi na yi ina tsaye a kansa."

Ta wanke hannu, ta dafa kujera ta sauko ƙasa da ƙyar, gwiwa na damunta. Ta ɗiba ta kai baki. Ta ce, "Albasarki ba ta soyu ba, gaggawar me kike? Mu a makarantar kwana ɗanye muke cinsa da garin kwaki, mai gwangwani ɗaya ita ce sarauniyar ɗaki." Ta tura wa yaron ƙwai gabansa ba tare da ta kalle shi ba. Ta ce, "Amma gishirin yana nan, ban janye ba. Jefi-jefi, kin ji ko? Ba kullum ba."

Da maigidan ya dawo ya same mu a ƙasa, ya tsaya da makullin mota a hannu. Yaya ta ce, "Kai, zo nan. Ka ɗauko 'yar mutane daga gida mai cike da jama'a, ka ajiye ta a flat ita da bango, ko tambayar ta ci ko ba ta ci ba ba ka yi. Dubi wuyanta. Ni duk yaron nake kallo, ashe su biyu ne."

Ya ce, "Yaya, aikin ne..."

"Aikin ne. To ka koma wurin aikin kai kaɗai. Su biyun zan riƙe, sai na ga dama in sallame su tare."

Tare ɗin nan kawai na ji. Na sunkuyar da kai don kada ta ga fuskata.

Mun yi kwanaki a wurinta. Ba wai daga ranar ya zama mai ci ba ne. Wata rana ya ci, wata rana ya watsar. Amma kullum da yamma a shimfiɗa leda a falo, kowa ya sauko, har 'yan matan da wayoyinsu. Ƙaramar ma ta zo kicin da kanta ta ce da Hausarta mai karyewa, "Anti, yi haƙuri." Da muka koma Manchester, tare muka koma. Yanzu maigidan yana ƙoƙarin ya iso kafin yaro ya kwanta, ba kullum yake samu ba. Har yau ranar awo gabana yana faɗuwa.

Abin da zan roƙa kaɗan ne. In kina da ƙanwa ko matar ƙani ko maƙwabciya da aka kawo ƙasar nan da ƙaramin yaro, kada ki tsaya a waya kina tambayar ko yaro ya ci. Ki je gidan, ki zauna, ku ci tare, ko me ta dafa.