Faɗin Yatsa a Kan Tol

Wata uku na yi a hannun masu satar mutane. Na dawo da raina, amma igiyar da suka ɗaure ni da ita ta kashe mini hannun dama. Ba ya riƙe hauya, ba ya jan koma. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga ni zaune ƙanena ke auno mana hatsi.

Kawuna, wan mahaifiyata, maƙerin tol ne, wato fallen ƙarfe irin na kwanon rufi, a Madarumfa. Arozuwar yake yi, butar ban ruwa ta masu garka a bakin tafki, sai bokiti da mazurari. Wata safiya ya same ni a gindin bango.

"Tashi mu tafi."

"Kawu, mi hannu ɗaya zai yi a maƙera?"

"Idanun ma can ka baro su?"

Na bi shi.

Aikin da ya ba ni shi ne zane. Yana da kwalaye da ya yanka, kowanne da siffarsa: jikin buta, gindi, dogon baki, mariƙi. Ana jera su a kan fallen tol, a bi gefensu da ƙusa, sannan ɗansa, taubashina, ya bi layin da almakashi.

Ban taɓa ganin mai jeri kamar tsohon nan ba. Sai ya shimfiɗa falle, ya zagaya shi, ya daɗe bai taɓa komai ba. Bakunan buta, masu faɗi a gefe ɗaya da tsini a ɗaya, yakan jera su kai da wutsiya, kamar bandar kifi a kwando. A tsakanin gindaye masu da'ira yake fitar da kunnuwan mariƙi. In ya gama, ragowar ba ta cika tafin hannu, ita ma sai ya yanka ta ƙanana, masu rufin ɗaki su sa wa ƙusa. Yakan ce almakashi bai san tuba ba, mai zane ke yi masa tunani.

Abu ɗaya na raina masa. Tsakanin kwali da kwali kullum yana barin faɗin yatsa. Na ɗauka tsufa ne.

Da sanyi ya shigo aiki ya yi yawa. Kawu ya tafi ta'aziyya Safo, ya bar mini falle guda. Na matse kwalayen baki da baki, na juya wasu a karkace, sai ga buta guda ta ƙaru a kan abin da yake samu.

Taubashina ya leƙo. "Kai, bawana, yau ka haifi tsoho ke nan?"

"Yanka kawai, ubangidanka ya zana."

Ya yanka yana dariya. Da ya zo haɗa ta farko dariyar ta tsaya. Faɗin yatsan nan shi ake ninkewa ya kama ɗan'uwansa kafin a bi da dalma. Babu shi, jiki ba ya kama gindi. Na kashe falle guda, a lokacin da tol ke wuyar samu.

Na san zamana ya ƙare. Na zauna ina jiran a sallame ni.

Kawu ya dawo bayan la'asar. Ya tsuguna ya maida yankakkun a ƙasa yadda na jera su, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kansu.

"Wa ya nuna maka ka kwantar da bakunan a karkace?"

"Ba kowa."

"Ɗauko wani falle. Jera min haka, amma ka bar wurin ninki."

Na jera, da faɗin yatsan. Butar da ta ƙaru ta ɓace, amma a kusurwa wurin mazurari guda ya buɗe. Ya ɗora kwalinsa, ya zauna daidai.

"Tun kafin a haife ka nake zubar da mazurarin nan ban sani ba," in ji shi. Ya dubi ɗansa. "Kai kuma da ka yanka ba ka duba ba, da hannu biyun."

Waɗanda na ɓata ya rage musu jiki, ya yi ƙananan butoci. Sun daɗe a rataye kafin tsofaffi masu ciwon baya su saye su. Bai sake tada maganar ba. Washegarin ɓarnar na ga ya yi jerinsa irin nawa, a gaban mutane, bai ji kunya ba.

Yanzu gwiwa ta zaunar da shi gida. Ina nan rumfarsa. Ni ke zane, taubashina ke yanka, da aikin nan nake ci da iyalina.