Tallan Sada Mai Rijiya

Sada mai haƙa rijiya gajere ne, irin gajartar da in ya shiga rami sai ka yi ta leƙe kana neman hularsa. A unguwarmu nan Daura mukan tsokane shi cewa da a zamaninsa aka yi rijiyar Kusugu, da tsayuwa kawai zai yi a ciki a auna zurfi. Ba ya fushi. Sai dai ya ce in mun mutu shi zai haƙa mana, kuma babu ragi.

Gadon sana'ar ya yi wajen ubansa. Da ita ya auro Siddiƙa daga garin Babban Mutum, da ita yake ciyar da 'ya'yansu, Rahama da Auta. Sai masu burtsatse suka cika gari da injina, aiki ya ja baya. Kabo mai shagon waya ya ce masa ai yanzu a intanet ake talla. Ya ɗauke shi bidiyo a bakin rami, laka har gira, yana dariya yana cewa duk zurfin rijiya Sada zai shiga kuma zai fito. Da yake a ƙarƙashin ƙasa yake yini inda ba sabis, lambar Siddiƙa aka sa. Ya sayar da tunkiya ya biya na watanni.

Kabo bai iya saita inda tallan zai je ba. Mu dai a tsakiyar bidiyon rawa da na ƙwallo muke cin karo da shi. 'Yan Legas suka yi ta kallon mutumin da ko Kazaure bai taɓa haƙa rami ba. Aiki ɗaya tallan ya kawo, a wani ƙauye mai rairayi ta wajen Kongolam. Nan rijiyar ta rufta da shi.

Wani ya ɗauki bidiyon fito da gawar ya watsa. In ka buɗe, kafin ka ga ana jan igiya, sai tallan ya faɗo, ga Sada yana dariya, wai zai fito. Aka nemi Kabo ya cire tallan, ashe ya tsallaka Nijar neman hanyar Libiya, lambar sirrin tana kansa.

Siddiƙa tana takaba, waya tana ta ƙara. Wasu rijiya suke so, ta ce musu ya rasu. Wasu 'yan iska ne, da sun ji muryar mace sai su sake kira. Ba ta iya kashewa, don ta nan ake ba ta labarin mahaifiyarta da ke kwance. Yayan Sada, Malam Nu'uman, ya zo ya zauna a zaure, ya ce gari ya ɗauka mai takaba tana hira da maza, kuma ba zai bar 'ya'yan ƙaninsa su tashi a haka ba. Ta bayan labule ta yi masa bayani, ta rantse, ta turo masa wayar ya gani da idonsa. Tana hannunsa ta yi ƙara. Ya ɗauka ya kara a kunne.

"'Yanmata, yau ba gaisuwa?" in ji muryar wani namiji.

Washegari ya zo da mashin ya kwashe yaran. Liman ya sa baki, ya ce shari'a ba ta raba uwa da 'ya'ya saboda ƙarar waya. Nu'uman ya ce to ta kai shi kotu, ya san sarai mai takaba ba ta yawon kotu.

Kafin ta fita takaba, kuɗin tallan ya ƙare da kansa, wayar ta yi shiru. Yaran kuwa an riga an sa su makaranta a can wajen Nu'uman. Ta kai ƙara, har yau ɗaga zama ake yi. Ranar Juma'a kaɗai take ganinsu, a zauren Nu'uman, matarsa tana tsaye. Makon jiya Auta ya karɓi wayarta ya yi ta shafawa, sannan ya ɗago.

"Inna, ina Baba na cikin waya?"

Ta karɓa ta duba, ta sake dubawa. Babu shi.