Ranar da Layin Lodi Ya Ɓace

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka jami'a ba. Gyaran rediyo ya gada wurin mahaifinsa, daga nan ya koma waya, ya koma kwamfuta, har ya koya wa kansa rubuta manhaja a wani ɗan shago da ke jikin katangar tashar mota. Mutum ne mai sanyin magana da gudun hayaniya. Matarsa kan ce ko kaza ce ta tare masa hanya sai ya ba ta haƙuri.

Yayansa direba ne a tashar, ƙato, ana ce masa Dogo. Shekara da shekaru direbobi na dambe a kan layin lodi, don da alli ake rubuta sunaye, kowa kuma na iya gogewa da hannun riga. Ranar da aka fasa wa Dogo baki ne Injiniya ya zauna ya haɗa manhajar da za ta riƙe layin: wa ya fara isowa, wa ke biye, wa aka dakatar.

Sai dai manhajar ba ta tashi sai an fara ɗora sabar rumbun bayanai, wato inda sunayen ke zama, magatakardan tasha kuwa bai iya wannan ba. Injiniya ya ɗaure su biyun a fayil guda, a danna sau ɗaya komai ya hau. Aka yi shekara uku lafiya lau.

Da ya yi wa manhajar gyara, ya miƙa wa magatakarda sabuwar a filashi, ya manta bai sa fayil ɗin ya duba ko akwai tsohon rumbu ba. Magatakarda ya danna da hantsi. Sabon rumbu ya hau fanko, manhaja ta koma kansa. Direba sama da sittin, wasu kwana biyu suna jira, fuskar kwamfuta ta nuna babu kowa a layi.

Yana cikin liƙe waya a shagonsa ya ji ihu. Kafin ya miƙe, wani direban doguwar bas ya shigo ya shaƙe masa wuyan riga, ya ja shi a ƙasa har rumfar magatakarda, ana cewa ya share layi ne don yayansa ya shiga gaba. Wani ya tokare shi a haƙarƙari. Ya dafa teburi zai yi bayani, direban bas ya sauke masa sifana a bayan hannu. Ƙarar ƙashin ya fara ji kafin zafin.

Nan Dogo ya iso. Benci ya ɗauka ya maka wa direban bas a kafaɗa, mutumin ya zube. Wuri ya kaure, masu jak da jak, masu bel da bel, gilashin motoci na tarwatsewa, fasinjoji na tsallake katanga. Sai da shugaban tasha ya rungume kwamfutar ya rantse zai rotsa ta da ƙasa sannan aka lafa.

Dogo ya juyo wajen ƙanensa, jini na bin girarsa.

"Kai ka goge?"

"Ban goge ba, Yaya. Yana ciki."

Da hannun hagu ya yi aikin, na dama naɗe da tsumman goge mota, direbobi tsaye a kansa suna huci. Ya kashe sabon rumbun, ya nuna wa manhajar tsohon. Sunaye suka dawo. Direban bas ne na ɗaya, Dogo na ashirin da uku.

An dakatar da Dogo wata uku, direban bas wata shida, magatakarda kuma ya shigar da hukuncin a manhajar. Yatsu biyu na Injiniya ba su sake lanƙwasuwa ba, dole ya bar gyaran waya. Yana fitowa daga asibiti ya gyara fayil ɗin, ya zama sai ya duba tsohon rumbu ya kwafe shi kafin ya taɓa komai. Duk da haka bai ƙara ba kowa filashi ba. Tasha biyar ke aiki da manhajarsa yanzu, kowacce shi yake zuwa ya ɗora da kansa, matarsa kuma sai ya kira ta ya ce ya gama take iya cin abinci.